Hoton Kan Hashimu

Ana sallar isha'i motar Kano ta sauke Furera da mijinta Hashimu a hanyar Bici, suka bi burtali tsakanin gonakin dawa. Tana rungume da hoton ƙwaƙwalwarsa, wanda masu bincike suka ɗauka saboda mantuwar da ta kama shi. Duk gidan, ita kaɗai ce bai manta ba tukuna.

Kukan gyare ya ɗauke tsit. Sai ga wata tsohuwa tsugune kan kunya, tana warin jiƙaƙƙiyar toka.

"'Yar nan, haska mini hoton nan in gani," in ji ta.

Furera ba ta iya musa wa babba. Ta ɗaga hoton, ta kunna fitilar waya a bayansa.

"Ga ki can ƙasa, a tsakiya," in ji tsohuwar. "Ɗan kaɗan kika rage."

Ta dangwali wurin da yatsa, ta kai baki ta tsotse.

Hashimu ya ja da baya. "Baiwar Allah, wace ce ke?"

Tsohuwar ta lashe leɓe, ta ce da muryar Hashimu sak, "Fure, kin gaji ko? Zo mu je gida."