Hannun Hagun Piroska

A garin Eger akwai wata yarinya mai suna Piroska. An haife ta hannunta na hagu iyakarsa gwiwa. Amma fa in ta faɗa ruwa, sai ka rantse kifi ce.

Iyon kwaɗo, wanda ake tura hannu biyu gaba tare, shi ta fi gwaninta a kai, kuma burinta ta je gasar ƙasa a Budapest, babban birnin ƙasarsu. Gwaji biyu za a yi, kowane gwaji a ɗauki yarinya ɗaya.

Sai dai Piroska akwai zargi. Ko tari ka yi kusa da ita, sai ta ce da ita kake.

Ranar Laraba tana juyawa a bangon tafkin iyo, ta hango Dorka a ƙarƙashin ruwa ta zuba mata ido. Dorka abokiyar horonta ce, mai ƙafa ɗaya, ita ma Budapest take nema. Washegari ma haka. Ranar Juma'a kuwa ta gan ta tana yi wa mai horar da su, Goggo Ilona, raɗa.

"Lallai yarinyar nan da wata a ƙasa," in ji Piroska a ranta.

Goggo Ilona ta kira ta. "Dorka ta lura ba kya miƙa hannun hagu in kin zo bango. Dokar gasa ta ce a miƙa duka biyu tare, ko da ɗaya ne zai taɓa. Ki gyara."

"To, Goggo," ta ce, amma iyakar baki.

A gida ta ture abinci. "Mama, so take in ɓata lokaci a bango ta wuce ni. Na gano ta!"

"Kin tambaye ta?"

"Me zan tambaya? Ai na gani da idona."

"Kallo kika gani, 'yata. Ba ki ga zuciyarta ba."

Piroska ta zumɓura baki.

Ranar gwajin farko ta yi iyo kamar ba gobe. Ta kai hannun dama bango, na hagu yana manne da ƙirji. Ita ce ta fara isa. Tana cikin murna alƙalin gasa ya ɗaga hannu.

"An cire Piroska. Ba ta miƙa hannu biyu ba."

Dorka da ta zo ta biyu ce ta samu gurbin. Piroska ta shige ɗakin canza kaya ta rufe kai da tawul, kunya da baƙin ciki suka ishe ta. Can ta ji ƙarar sandunan Dorka.

"Ke sarkin fushi, tashi. Saura gwaji ɗaya."

"Ba murna kike ba?"

"Murnar me? Da wa zan yi ta surutu a jirgin ƙasa? Kwana biyu ina shan ruwan tafki saboda ke!"

Piroska ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Na zata makirci kike shirya mini."

Sati biyu Dorka tana nutsewa tana duba mata. In hannu biyu sun miƙe, ta ɗaga babban yatsa.

A gwaji na biyu Piroska ta miƙa dogon hannun da gajeren tare. Ta waiga da sauri. Hannun alƙali yana ƙasa. Ta ci!

A jirgin Budapest ta raba cakulan ɗinta biyu, ta ba Dorka babban. Ta koyi cewa ba duk mai kallonka ne ke nufinka da sharri ba. Kafin ka zargi mutum, ka fara tambayarsa.