Injin Da Ya Sha Ruwa

Ina shirin rufe gareji bayan isha'i sai ga wani mutum ya turo babur mai ƙafa huɗu, irin na shiga gona.

"Maigida, taimaka ka duba min," in ji shi. "Yanzun nan ya mutu min a hanya, ga iyali can suna jira." Muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Ni ɗabi'ata, kafin in ɗauki sifana sai na fara dafa inji. Injin da ya tsaya yanzu ai sai ya ƙona maka hannu. Wannan kuwa sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Na kwance fulogi, na tarar da laka. Na buɗe kafireto, ruwa ya tsiyayo da yashi, har da wani ɗan kifi yana wutsil-wutsil a kan takalmina. Rabonmu da ruwan sama kuwa an kwana biyu.

"Malam, wannan ai ba yau ya mutu ba," na ce, ina dariyar yaƙe.

"Kai kaɗai ka san kansa," ya ce.

Na haska tocila ƙarƙashin kujerar. Ga waldata nan, aikin hannuna ba ya ɓace min. Babur ɗin mai gadin gonar ƙetaren rafi ne, wanda ambaliya ta tafi da shi tare da babur ɗin bara.

Ban ɗago kai ba. Ruwa na ta ɗiga daga bakin wandonsa, yana gangarowa wajen ƙafata.

"Maigida," ya ce a hankali, "zai tashi?"