Ruwan Zangon Maikanwa

Kwana uku ke nan Inna Hafsat ba ta haɗiyi ko loma ɗaya ba. Ɗanta Babaji, tela a Ƙofar Guga cikin Katsina, ya kawo kunu, ya kawo fura, duk ta kawar da kai. Ranar Laraba bayan azahar ta riƙo hannun rigarsa.

"Babaji, ruwan rijiyar garinmu nike so. Ko kurɓi ɗaya."

"Inna, wane gari kuma? Ai ya zama kufai."

"Mutane ne suka tashi, ba rijiya ba."

Garin shi ne Zangon Maikanwa, can dab da iyakar Nijar. Kakan Inna, Maikanwa, shi ne ya sari wurin, inda fatake masu raƙuman kanwa da gishiri ke sauke kaya. Ta sha ba Babaji labarin kasuwarsu ta Litinin mai mahauta bakwai. Da aka shimfiɗa kwalta ta wani wajen, motoci suka ƙwace wa raƙuma aiki, kasuwa ta mutu. Sai fari ya biyo baya. Gida ɗai-ɗai aka riƙa ɗaure kaya. Gidansu Inna ne ya tashi a ƙarshe, yau shekara arba'in da ɗoriya.

Babaji ya ɗaura jarka da guga a bayan babur, ya kama hanya. Sau biyu yana ɓata. Wani makiyayi da ya tambaya ya dube shi, ya dubi rana, ya nuna masa hanya da sanda.

Rana ta yi ja lokacin da ya isa. Katangu sun zube, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗakuna. Ba kukan tsuntsu, ba sawun akuya. Rijiyar na gindin wata tsohuwar kuka, igiyoyin mutanen dauri sun ci bakinta layi-layi.

Ya naɗe igiya a hannu, ya zura guga. Ta yi ta tafiya. Can ƙasa ya ji tsundum.

Sai ƙamshin miyar daddawa ya bugi hancinsa, haɗe da hayaƙin kara.

Ya tsaya cak.

Bayan wata rusasshiyar katanga aka fara daka. Tim. Tim. Taɓarya biyu, ana lugude har da tafi.

Ya janyo guga da sauri, ya juye a jarka. Ruwan sanyi ƙalau, kamar ƙanƙara.

"Sannu da zuwa, jinin Maikanwa."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da ƙeyarsa. Bai juya ba. Ya dubi ƙasa. Inuwarsa ce kaɗai.

"Kun tashi ba sallama, alhali rijiya ɗaya muke sha da ku."

Dakan ya tsaya.

"Kai wa Hafsatu ta sha. Mun share mata ɗakinta. Duk sun dawo, ita ta rage."

Wasu muryoyi suka amsa, maza da mata, na kusa da na nesa: "Ita ta rage."

Nan Babaji ya gane ajalin Inna aka aiko shi ya ɗauko. Ya kama Ayatul Kursiyyu, ya sa ƙafa ya hamɓare jarkar. Ƙasa ta shanye ruwan, ko danshi bai saura ba.

Guga ta sulale ta koma rijiya. Igiyar hannunsa ta miƙe.

Ana ja daga ciki.

Ya zame, gwiwarsa ta bugi bakin rijiya. Warin tsohuwar laka ya taso masa. Ya fizge iya ƙarfinsa, igiya ta tafi da fatar hannunsa.

Ya taka babur sau ɗaya. Shiru. Sau biyu. A na uku ya tashi.

Bai waiwaya ba sai da ya hango fitilun Katsina.

A gida ya ɗebi ruwan randa ya miƙa wa Inna. Ta kurɓa, ta tsura wa hannunsa ido.

"Wanga ba shi ba ne."

Ya sunkuyar da kai.

"Sun yi maka magana ko?"

Ta lumshe ido, hawaye na bin kuncinta. Washegari da kanta ta nemi tuwo.

Inna tana nan da ranta har yau. Amma ko ɗinkin sallah ya yi wa Babaji yawa, da rana ta fara ja zai rufe shago, ya zo ya zauna gefen tabarmarta, ya riƙe mata hannu gam. Don a daidai lokacin ne takan juya fuska arewa, ta yi kasaƙe, sannan ta ce a hankali, "Ku dakata. Ɗana bai yarda ba tukuna."