Saƙon Gwaji a Wayar Karimatu

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Juma'a, Sufeto Mohaman Bello yana zaune a komisariya, ofishin 'yan sanda, hankalinsa kwance. Ya yi salla, ya ci soya, tsiren nan mai yaji, babu fayil ko ɗaya a teburinsa. Sai ga wata matashiya ta shigo tana haki.

"Ranka ya daɗe, an ɗauke mini kwamfutar hannu a ofis lokacin sallar Juma'a."

"Zauna, 'yata. Sunanki?"

"Karimatu Lado. Ina haɗa manhajar waya, a saman shagunan teloli nan unguwar Briqueterie. Gobe zan nuna wa ƙungiyar teloli manhajar da na yi musu ta ajiye awon kwastomomi. Wata takwas ina kanta. In na je hannu biyu, wasu za su ba aikin."

"Ba ki da kwafi?"

Ta sunkuyar da kai. "Na intanet ya kwana biyu. Tun kafin azumi."

Suka tafi tare. Ofishinta ɗaki ɗaya ne, teburi uku, ƙarar kekunan ɗinki tana tasowa daga ƙasa. Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Manyan kwamfutoci biyu suna nan. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin Karimatu.

"Ina abin cajin?"

"A bayan durowa nake maƙale shi." Ta laluba. "Babu."

"Ɓarawon titi ba ya tsayawa neman caja. Su wa ke da mabuɗi?"

"Ni da ma'aikatana biyu, Najib da Ilyas."

Aka kira su. Najib ne ya fara shigowa, siriri mai tabarau, yana ta murza hannu.

"Ina kake da ƙarfe ɗaya?"

"Masallaci, Inspecteur."

"Me liman ya yi huɗuba a kai?"

Najib ya kalli silin, ya kalli ƙasa. "Gaskiya... unguwar Madagascar na je. Akwai wata da nake nema. Don Allah kar Adda Karimatu ta gaya wa babana."

Sufeto ya danne dariya ya rubuta sunan layin.

Ilyas kuwa da fara'arsa ya shigo, mabuɗin babur a yatsa.

"Ni ina kasuwar Mokolo, Shef, shagon kawuna. Ku tambayi kowa. Wallahi abin ya ƙona mini rai, don rabin aikin nan hannuna ne."

"Rabi?" in ji Karimatu.

"To, kashi ɗaya cikin uku, Adda."

Sufeto ya sallame su zuwa baranda. Yana rufe ƙofa wayar Karimatu ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙa masa. Saƙo ne: "Gwaji. Ɗinkinka ya kammala, zo ka karɓa. Daga Awo Express."

"Wane ne Awo Express?"

"Ban taɓa jin sunan ba. Amma kalmomin nawa ne. Daga tushe suka fito."

"Yi mini Hausa, 'yata. Ni tsoho ne."

Ta kunna babbar kwamfuta. "Ka ga tela ba ya zana riga daga farko kullum, yana da takardar da yake ɗorawa a kan yadi. Mu ma haka. Na shirya tushe guda, duk sabon aiki daga shi ake kwafa. Ga dosiye, wato jakar fayiloli, na fuskokin manhaja, ga na hotuna, ga na bayanai, ga na saƙonni. Komai da mazauninsa, kowa ya zauna ya san inda zai sa hannu."

"Madalla. Saƙon fa?"

"A cikin tushe lambar wayata ce lambar gwaji. Akwai ɗan fayil na bayani a sama, layin farko ya ce ka cire lambata ka sa taka. Wani ya buɗe sabon aiki da sabon suna, yana zuba aikina a ciki, ya manta da lambar."

"Yanzun nan?"

"A'a, saƙon na ƙarfe ɗaya da rabi ne. Réseau ne ya riƙe shi, layin waya ba kyau, sai yanzu ya iso."

Sufeto ya shafa gemu, abin ya yi masa daɗi. Ya karɓi wayar ya jefa a aljihu, ya kira samarin.

"Yara, ina so in fahimci sana'arku don rahoto. Kowa ya buɗe mini sabon aiki daga tushen nan, ya gwada shi in gani."

Najib ya zauna, ya buɗe fayil ɗin bayani, ya bi layi da yatsa kamar mai tilawa, ya goge lamba ya sa tasa. Da ya danna, wayarsa ta yi ƙara a kan tebur.

"Kunkuru ke nan," in ji Ilyas yana dariya. "Matsa, Shef ya ga aiki."

Yatsunsa suka yi ta gudu. Ya kwafa, ya sa suna, bai ko kalli fayil ɗin ba. Minti biyu ya danna, ya jingina da kujera.

Ƙara ta fito daga aljihun Sufeto.

Ya ciro wayar Karimatu ya ajiye a gaban Ilyas, saƙo biyu, ɗaya a kan ɗaya, iri ɗaya kalma da kalma in ban da sunan aikin.

"Ka taɓa karanta fayil ɗin nan, Ilyas?"

"Ni... ai Najib ne ke buɗe mana sabon aiki kullum."

"Shi ya sa. Ina kwamfutar? Ko mu je shagon kawunka mu juye buhuna a gaban jama'a?"

Mabuɗin babur ya faɗi ƙasa. Ilyas ya daɗe yana kallonsa.

"Tana can, ƙarƙashin kanta. Wani mutum a Douala ya ce in na kawo masa irin manhajar nan da wani suna zai ɗauke ni aiki. Kwafa kawai zan yi in dawo da ita, Adda. Ban goge komai ba."

An aika ɗan sanda Mokolo, kafin la'asar sakaliya ya dawo da kwamfutar da cajarta. Karimatu ta kunna, ta buɗe dosiye ɗaya bayan ɗaya. Komai yana mazauninsa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da bakin mayafi.

Sufeto ya dafa kafaɗar Ilyas suka nufi matakala. A ƙasa teloli sun tsayar da kekuna suna leƙe. A mataki na uku Ilyas ya tsaya ya waiwayo.

"Adda, shafin awon mata yana rufe kansa in an sa hoto. Na gani ɗazu. Ki gyara kafin gobe."

Karimatu ta dube shi. Sannan ta jawo kujera.

"Najib, buɗe dosiye na hotuna."

"Mu je," in ji Sufeto, suka sauka.