Albasa a Kwanon Gwani

Sufeto yana ɗaura takalmi Kofur ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Yallaɓai, Gwani ya mutu!"

Gwani karen ofishin ne, mai shinshino miyagun ƙwayoyi, Kofur ke kula da shi. A ranar aka shirya kai samame wani sito, kuma da hancinsa aka dogara.

Likitar dabbobi ta ɗaga leɓen karen. Dasashinsa ya yi fari fat.

"Albasa ce ta cinye masa jini, an kwana biyu ana ba shi," in ji ta. "Da ma cikinsa ba lafiya, shi ya sa na hana abincin gwangwani. Na ce a dafa masa a gida: shinkafa, kaza ba fata, kabewa. Ba mai, ba gishiri, balle albasa."

Saje, aminin Sufeto tun makarantar horo, ya girgiza kai. "Yallaɓai, a gidan Kofur ake girkin. Ni rabona da karen nan an fi wata."

Aka tsare Kofur yana kuka kamar yaro.

Da Sufeto ya je gidan Kofur, matar gidan ta ja shi har kicin. "Ga tukunyar Gwani daban, ga ludayinsa daban. 'Ya'yana har cewa suke Gwani ya fi su gata. Wallahi ko wuƙar albasata ba ta taɓa kazarsa."

"Wa ke kai masa abincin?"

"Maigidan ne. Amma tun da babur ɗinsa ya lalace, Saje ke biyowa ya karɓi kular. Har addu'a nake masa."

Sufeto ya fito daga gidan. Ya wuce siton shi kaɗai, cikin farin kaya, ya tambayi maigadi ko wurin wa ne.

"Na wani ne da ba ya tsoron kowa. Yayansa Saje ne a ofishin can."

Da ya dawo, ya kira Saje, ya rufe ƙofa.

"Ka ce rabonka da Gwani an fi wata. Wa ke ɗauko kularsa?"

"Taimako ne kawai, Yallaɓai."

"Siton kuma na wa ne?"

Saje ya zame kan kujera, gumi na tsattsafo masa.

"Na ƙanena ne. Kayan suna cikin bango, kare kaɗai zai gano su. Garin albasa nake barbaɗawa a hanya. Na ɗauka gudawa zai yi ya kwanta."

"Kana gani aka kulle Kofur, ka yi shiru."

"Abokina, ka dubi zamanmu."

"Shi nake dubawa. Kai kaɗai na gaya wa ranar samamen."

Sufeto ya sa aka fito da Kofur, ya miƙa masa ankwa. Kofur ya ɗora ta a hannun Saje, amma ya kasa rufe ta. Sufeto ya karɓa ya rufe da kansa, bai ɗago ya kalli fuskar Saje ba har aka fita da shi.