Rasitan da Suka Sha Guga

A gida Uwar Gyara ake ce mata. Ko takalmi ta gani a karkace, sai ta daidaita shi. Wani gyaran a sa mata albarka, wani kuwa a ce da ma ba ta yi ba.

Ummanta tela ce. A ƙarƙashin keken ɗinkinta akwai wani tsohon gwangwanin biskit. Duk abin da ta saya don aiki, zare ne, zif ne, yadi ne, sai ta jefa rasit ɗinsa a ciki.

Ranar Litinin Umma ta zazzage gwangwanin a kan tebur.

"Umma, wannan tarkacen fa?" in ji Uwar Gyara.

"Tarkace? Rufa min asiri! Juma'a ce ranar ƙarshe ta miƙa fom ɗin haraji. Zan rubuta abin da na samu a shekara, da abin da na kashe a kan aiki. A kan abin da ya rage ake biyan haraji."

"To, ki rubuta kawai mana."

"Ai baki ba shaida ba ne. In babu rasit, sai a lissafa kamar ban kashe komai ba. Kin ga kuɗin da nake tarawa na sabon keke ya tafi ke nan."

Umma ta fita kai wa wata ɗinkinta. Uwar Gyara ta dubi rasitan. Duk sun yamutse. Ga dutsen guga kuma a gefe, bai huce ba tukuna.

Ta zaɓo dogaye guda goma sha biyu, masu santsin nan da na'ura ke fitarwa. Ta jera su, ta ɗora dutsen guga, ta danna sosai. Da ta ɗaga, wayyo! Sun miƙe ɗin, amma sun zama baƙi ƙirin. Ko harafi ɗaya ba a gani. Garin gyaran gira an rasa ido.

Maza ta cusa su cikin littafinta na lissafi.

Da Umma ta dawo, ta duba, ta sake dubawa. Ta kira ƙaramin ɗanta, sarkin yin jirgin takarda.

"Auta, ina manyan rasitaina?"

"Wallahi ban taɓa ba, Umma!"

"Jirage nawa ka yi yau?"

Auta ya fashe da kuka. Uwar Gyara tana nan tsaye, ta yi tsit.

Talata ta wuce. Laraba ta wuce. Umma ta ɗaga katifa, ta zazzage buhun ƙyallaye, ta leƙa bayan kabad. A ƙarshe ta zauna ta yi tagumi. "Sakacina ne," in ji ta. Maganar nan ta fi bulala zafi a wurin Uwar Gyara. Abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Ranar Alhamis a aji, littafin ya suɓuce mata. Baƙaƙen takardu suka watse a gaban Malama. Malama ta tsince su, ta jira har aka tashi tara.

"Zo nan, 'yata. Mene ne wannan?"

Uwar Gyara ta faɗi komai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Irin takardar nan ba ta son zafi, ko a rana aka bar ta sai ta lalace," in ji Malama. "Amma masu shago suna ajiye nasu kwafin. Yaushe abin ya faru?"

"Tun Litinin."

Malama ta girgiza kai. "Kash! Takarda kin ƙona ta a minti ɗaya. Amma kin ƙona wa Ummanki kwana uku."

Ana tashi daga makaranta, Uwar Gyara ta ruga gida. Ta durƙusa, ta ajiye takardun a kan keken. Ta faɗa wa Umma duk abin da ya faru.

"Gugar kuskure ce, ban riƙe ki da ita ba," in ji Umma. "Amma kina tsaye na sa ƙanenki kuka."

Uwar Gyara ta ba Auta haƙuri. Umma ma ta ba shi. Sannan ita da Uwar Gyara suka ɗauki jaka suka nufi shagunan da sauri.

Mai zare ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yau na ga rasit mai kari kamar wandon ango!" Ya buga musu sababbi. Mai zif da maɓalli ma ya ba su nasa. Suka haɗa guda tara.

Saura uku, na mai yadi, kuma su ne mafi tsoka. Suka tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar shagonsa.

"Ai jiya ya yi tafiya," in ji maƙwabcinsa. "Sai bayan mako biyu."

Jiya! Da ta yi magana tun Litinin, da sun same shi. Da na sani ƙeya ce. Uwar Gyara ta yi ta kuka har gida.

Ranar Juma'a bayan makaranta suka bi dogon layi a ofishin haraji. Ma'aikaciyar ta duba fom, ta duba rasitai, ta buga hatimi. An miƙa a kan lokaci, babu tara. Sai dai harajin ya ɗan ƙaru saboda ukun nan. Sabon keke sai ya jira wata biyu.

Ma'aikaciyar ta miƙa wa Umma kwafin fom ɗin. "Ki adana wannan. Duk rasit kuma ki ɗauki hotonsa a waya ranar da kika karɓa. Kada ki jira makon ƙarshe."

"Ni zan riƙa yi," in ji Uwar Gyara a hankali.

Ta kuwa cika alkawari. Ta samo ambulan goma sha biyu, ta rubuta sunan wata a kan kowanne. Gwangwanin biskit ya koma gidan maɓallai.

Bayan wata biyu aka kawo sabon keke. Rasit ɗinsa ya zo a yamutse. Auta ya yi wuf ya rungume dutsen guga, ya gudu da shi ɗaki. Umma ta yi dariya har da hawaye.

Uwar Gyara ta ɗauki hoton rasit ɗin, ta sa shi a ambulan yadda yake. Ta riga ta koyi darasi: abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa. In kuwa ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun yana gyaruwa.