Takardar Da Ba Ta Karanta Ba

Katifar aka fara jefowa waje. Bayanta sai tukwane, sai akwatin Umma da ya buɗe a tsakiyar layi, zannuwan da suka koɗe suka watse a gaban idon kowa, har da wanda aka yi wa faci uku... Wayyo duniya! Da hantsi ne fa, lokacin da mata ke dawowa daga raka yara makaranta, masu shaguna suna share ƙofa, babu wanda bai tsaya kallo ba. Ita kuwa marainiyar tana tsaye riƙe da keken guragu na mahaifiyarta, kanta a sunkuye, tana roƙon Allah a ranta ƙasa ta tsage ta shige.

"Daga yau gidan nan na kamfanin ba da rance ne," in ji ma'aikacin kotu, yana ɗaga takarda sama yadda kowa zai gani. "Ke ce mai bashin. Ko ba sa hannunki ba ne wannan?"

Ta ɗago ta duba. Nata ne. Wallahi nata ne, har da 'yar lanƙwasar da take yi a ƙarshe!

"Ashe dai gaskiyar Baffanta ne, ta cinye gadon," wata maƙwabciya ta faɗa, ba ta ko rage murya ba. "Ki gan ta shiru-shiru, kamar in an sa mata yatsa a baki ba za ta ciza ba."

Tana da shekara goma sha uku mahaifinta ya rasu, ya bar gidan a hannun ƙaninsa, amana, har ta cika sha takwas. Kuɗin hayar shagunan da ke gaban gidan Baffa ke karɓa, ya yaga musu abin da ya ga dama. Satin da ta cika sha takwas ne Umma ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. A barandar asibiti Baffa ya same ta, idanunta sun kumbura don kuka, ya ɗora takardu a kan cinyarta ya miƙa mata biro. "Sa hannu nan, da nan, in sauke nauyin ɗan'uwana in huta." Ta ce, "Baffa, bari in ɗan karanta..." Sai ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi. "Karantawa? Takardata za ki karanta? Ni da na sa ubanki a kabari da hannuna?" Kunya ta rufe ta ruf. Ta ce, "Yi haƙuri Baffa," ta sa hannu, ko layi ɗaya ba ta gani ba.

Shekara biyar ke nan da wannan sa hannun. Ranar da aka watso musu kaya, ta tura keken Umma har ƙofar gidan Baffa. Bai bari sun wuce get ba. "Gida na miƙa miki fes, kika je kika ci bashi a kai, yanzu kin kwaso min gurguwa?" Dangi suka taru suka ba shi gaskiya, don shi ne mai hannu da shuni, shi ke biya wa rabinsu kuɗin makaranta. Suka kama wani ɗan ɗaki a bayan wani gareji, inda ƙarar guduma ba ta barin Umma ta runtsa. Da bakinta da ya karkace Umma take ce mata, "Ki yi shiru, 'yar nan... ƙanin ubanki ne. Allah na gani."

Abu ɗaya ya rage mata a duniya: aikin gwaji na wata shida da ta samu a majalisar dokokin jiha, a ɗakin masu buga bayanan zama. Ɗaki ne a can ƙuryar bene, fanka ɗaya mai kuka, teburi huɗu. Duk abin da aka faɗa a zauren kwamiti ana naɗa, a kawo mata, ta sa abin sauraro a kunne ta buga. Saboda saurin yatsunta ake ce mata 'Yar Ƙwas-ƙwas. Sai dai a ƙa'idar wurin, wanda kotu ta yanke wa hukuncin bashi ba a tabbatar da shi a aiki. Don haka ta kulle bakinta. Ta ya ma za ta fara? Ita da ake yabo ba ta taɓa tsallake ko waƙafi ba, a ce ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba! Gara ta mutu da abin a cikinta.

Wata Litinin Magatakarda, tsohon da ke shugabantar ɗakin, ya shigo da tabarau a goshi yana neman tabarau. "'Yar Ƙwas-ƙwas, satin nan yatsunki sai sun yi hayaƙi. Kwamiti zai ji ra'ayin jama'a kan gyaran dokar bashi da ta riƙon amana da ta shari'o'in mu'amala. Wai duk mai riƙe da dukiyar maraya ya riƙa kawo bayani gaban alƙali duk shekara, kuma kada a mayar da bashi kan maraya sai alƙali ya zaunar da shi ya karanta masa. Za ki ji masu kuka, za ki ji masu ƙarya, duk da rantsuwa. Mu dai namu ɗaya ne: abin da baki ya faɗa, shi hannu zai buga. Ko tari mutum ya yi, ki bar masa tarinsa."

Washegari ta sa abin sauraro, ta danna. Mutum na huɗu yana yin sallama yatsunta suka sandare... Muryar Baffa! Ya zo ne da sunan dattawa masu riƙon dukiyar marayu, bai ko san tana cikin ginin ba.

"Ranki ya daɗe, Shugaba, wannan gyara cin mutuncin mutanen kirki ne. Ni ganau ne. 'Yar wana na riƙe shekara biyar, ban taɓa ko bulo ɗaya na gidan ubanta ba." Ya yi tari. "Na miƙa mata gida mai lamba goma sha huɗu fes, babu bashin ko sisi a kansa, ga takardar miƙawa nan. Yarinya ta lalace, ta bi 'yan iskan gari, ta ci bashi ta kashe musu, yau uwarta na kwance a bayan gareji. Irin waɗannan za ku ba wa damar jan mu kotu?"

Ta ji zauren ya ɗauki salati. Ta ji wani ɗan majalisa yana cewa, "Allah Ya shirya mana zuri'a."

Innalillahi! Ta cire abin sauraron, ta ruga banɗaki, ta toshe bakinta da mayafi ta yi kuka har haƙarƙarinta ya yi ciwo. "Ya Allah, Kai ne shaidata, ko hannun namiji ban taɓa riƙewa ba... Ya Allah, wannan magana za ta zauna a kundin majalisa har jikokin wasu su karanta, kuma ni zan rubuta ta?" Da ta dawo ta buga sakin layin, sannan ta zuba masa ido. Babu mai komawa ya saurari naɗin. Danna ɗaya kawai, layi huɗu su ɓace, babu wanda zai sani har abada. Yatsanta ya tsaya a kan maɓallin gogewa... Sai ta tuna wannan ma amana ce aka ba ta, kuma ta riga ta ɗanɗana abin da cin amana ke yi wa mutum. Ta janye hannunta. Ta bar kowace kalma a wurinta, ta koma ta rubuta: ya yi tari.

Ranar Laraba lauyan kamfanin ba da rance ya zo nasa bayanin. Don ya nuna aikinsu a tsabtace yake, ya miƙa wani fayil a matsayin misali, an shafe sunaye da baƙin alƙalami. Duk takardar da aka miƙa wa kwamiti kuwa sai an buga ta cikin kundi, kalma da kalma. Tana buɗe shafin farko ta ga lamba goma sha huɗu. Ta ga sa hannun Baffa, mai kama da ƙugiya. Ta ga kwanan wata: an jinginar da gidan tana da shekara goma sha biyar! A shafi na uku kuma ga tata takardar, ta barandar asibiti, tana cewa ta karɓi gida tare da duk bashin da ke kansa, kuma duk sammaci a kai shi adireshin Baffanta. A ranar ta fara karanta ta, bayan shekara biyar, yatsunta na bugawa hawaye na sauka.

Duk da haka ba ta ce uffan ba. In ta yi magana, hukuncin kotu zai fito, aikin ya tafi, maganin Umma ya yanke. Ta haɗa shafukan ta ajiye a teburin Magatakarda.

Da safe ya kira ta, ya tura ƙofa. Ya ɗaga wani shafi da tawadarsa ta ɗan jiƙe. "'Yata, injin namu ya fara yoyo ne?" Ya ajiye shafin a gabanta. Ya ce, "Shekara talatin ina jera takardu. Gida mai lamba sha huɗu ya fito min sau biyu a sati ɗaya, ranar Talata ba bashi, ranar Laraba da bashi. Sunan marigayin da ke takardar miƙawa kuma shi ne a katin aikinki. Zauna."

Ba ta zauna ba, durƙushewa ta yi. "Baba, don Allah ka rufa min asiri! Ni ce... ni ce wadda ta lalacen. Ban karanta ba, Baba, wallahi ban karanta ba, kunya na ji! Kada a kore ni, uwata ba ta da kowa..."

Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Kin ji abin da ya faɗa a kanki, kuma kika buga shi duka?" Ta gyaɗa kai. Ya mayar da tabarau ya ce, "Tashi, 'yata. Kunyar nan ba taki ba ce, aro aka ba ki, mai ita na nan zuwa ya karɓi abarsa."

Magatakarda ya kai wa kwamiti shafukan Talata da na Laraba, sai aka sake kiran Baffa da lauyan a zaman ƙarshe. Zauren ya cika maƙil. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce a karanto abin da shaida na huɗu ya faɗa, kuma wadda ta buga ita za ta karanta. Marainiyar ta shigo da rigarta ɗaya tilo mai kyau. Baffa ya ɗago, ya miƙe zumbur. "Ke! Me kike yi a nan?"

Ta karanta. Da bakinta ta ce "yarinya ta lalace," da bakinta ta ce "ta bi 'yan iskan gari," muryarta na tsinkewa tana ɗaurawa, ba ta tsallake komai ba. Da ta gama Shugaba ta juya ga lauya. "Ranar da aka jinginar da gidan nan, wa ya sa hannu, kuma shekarun yarinyar nawa?" Lauya ya duba ainihin takardunsa. "Mai riƙon amana ne, ranki ya daɗe. Ita tana sha biyar."

"Ƙarya ne!" Baffa ya buga teburi. "Ban ce babu bashi ba! Ita ta ƙara, don ta tozarta ni. Kun ga halin nata ko?"

"A kunna naɗin," in ji Shugaba.

Aka kunna, 'yan majalisa na bin takarda da yatsa. Kalma ta bi kalma, babu ragi babu ƙari, har aka zo inda ya yi tari, ga shi kuwa a rubuce. Wanda ya ce Allah Ya shirya zuri'a ya sunkuyar da kai. Shugaba ta dubi Baffa ta ce, "Ka ci amanar mamaci, ka ɓata sunan marainiya, ita kuwa ko tarinka ba ta ci amanarsa ba." Sai gumi ya keto masa, ya nemi kujera ya rasa, ya zube yana cewa, "'Yata, ki tuna ubanki..." Ta dube shi cikin hawaye ta ce, "Shi nake tunawa, Baffa."

Kwamiti ya miƙa maganarsa ga masu gabatar da ƙara. Ba a shekara ba kotu ta ɗaure shi kan cin amana da rantsuwar ƙarya, aka sayar da motocinsa aka biya bashin, aka share sunanta, gida ya dawo. Majalisa ta amince da gyaran. Maƙwabciyar nan mai baki ita ta fara rugowa ta kama katifa ranar da suka koma, tana cewa, "Ai ni dama na faɗa, yarinyar nan ba za ta aikata ba!" Umma ta shafa bangon ɗakinta da hannunta mai lafiya, tana kuka tana dariya, tana ta hamdala.

Ranar da takardar tabbatar da ita a aiki ta fito, Magatakarda ya ajiye mata a teburi, duk 'yan ɗakin suka zagaye ta. "Sa hannu nan, 'Yar Ƙwas-ƙwas, mu yi shewa." Ta karɓi biro, ta ajiye shi a gefe. Ta ɗauki takardar ta fara daga layin farko, a hankali, leɓunanta na motsi. Wata ta ce, "Kai jama'a, shafi uku ne fa!" Tsohon ya ja kujera ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Ku bar ta," ya ce. "Ko ni na rubuta, ta karanta. Muna jira."